Hanji da 'Yan Uwansa Masu "Ha"

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, idan mahauci ya baje kayan ciki a kan tire, sai ka ji sunayen suna bin juna: hanji, hanta, ga haƙarƙari a gefe. Ƙara da harshe, haƙori, hanci, haɓa, hannu da hammata. A ganina wannan ba dace ba ne. "Ha" ɗin nan tsohuwar ɗafa-goshi ce ta sunayen gaɓoɓi, wadda ta manne har ta zama jikin kalma, kuma masanin harsuna Wolf Leslau ya yi rubutu a kanta tun 1962. Hujja mafi ƙarfi tana cikin harshe, wanda Sakkwatawa ke kira halshe: cire "ha", abin da ya rage ya yi daidai da saiwar "lisan" ta Larabci, alhali ba aro ba ne, gado ne na kaka ɗaya.

Wani zai ce to ina ido, kunne da baki, kuma me ya haɗa hanya ko hatsi da jiki? Ai ɗafin da ya mutu ba ya bin kowace kalma, kuma ba kowace "ha" ce shi ba; ta hankali ma daga Larabci kalmar ta zo.

Wajen amfani da kalmar hanji kuwa, siffarsa Bahaushe ya duba: abu dogo, siriri, mai naɗewa. Shi ya sa alewar da yaran Gagarawa da Gumel ke ja tana miƙewa ta samu sunan hanjin ligidi.