Taki da ban-ruwa: Yadda ake kula da ciyawar ƙawata gida

Ciyawar da aka fi shimfiɗawa a harabar gidaje a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja ita ce kiri-kiri, wadda masu sayar da furanni ke kira Bahama. Tana jure rana da takawa, amma ba ta son inuwa. Abu biyu ne suka fi kashe ta: taki fiye da kima da kuma ban-ruwa na yayyafi.

Lambobi uku da ke jikin buhun NPK suna nuna kason naitirojin da fosfaros da fotasiyam. Naitirojin ne ke sa ganye kore, fosfaros na taimakon saiwa, fotasiyam kuma na ƙara juriya. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, saboda haka kilo ɗaya ya ishi fili mai faɗin murabba'in mita 100. Idan NPK 15-15-15 ne, kilo uku ya wadatar. Ana watsawa ne lokacin da ganye yake a bushe, sannan a bi da ruwa nan take, in ba haka ba takin zai ƙona ciyawar. Akan maimaita bayan mako shida zuwa takwas muddin ciyawar tana girma, a dakata da hunturu domin sanyi na rage mata ƙarfin tofo. Kashin kaji ko na shanu kuwa, sai ya ruɓe sosai ake zubawa.

Ta fuskar ruwa, ciyawar na buƙatar kimanin milimita 25 a mako, wato lita 25 a kowace murabba'in mita, da ƙari kaɗan a zafin bazara. Ke nan filin da aka ambata zai sha lita 2,500, daidai da jarka 100 mai cin lita 25. Wajibi ne mai dogara da 'yan garuwa ya yi wannan lissafi kafin ya shuka.

An fi so a raba ruwan gida biyu ko uku a mako, a ba shi da sassafe. Ruwa mai ratsa ƙasa yana sa saiwa ta nutsa, yayyafin kullum kuwa yana barin ta a sama, inda rana ke saurin ƙona ta. Ban-ruwan dare yana jawo cutar ruɓewar ganye. Da damina, ruwan sama kan wadatar.

Wajen yanka, kada a cire fiye da sulusin tsawon ganye a lokaci guda.