Tarihin Tiyatar Cire Mahaifa

Cire mahaifa aiki ne na tiyata wanda likita kan raba mace da mahaifarta, ko dai dukkanta har da bakinta, ko kuwa gangarta kaɗai a bar bakin a wurinsa. Idan kuma sankara ce ta kama wurin, akan faɗaɗa aikin har ya haɗa da naman da ke kewaye da mahaifar da sashen sama na farji. Matar da aka yi wa wannan aiki ba ta ƙara ganin haila, ba ta kuma ƙara ɗaukar ciki. Amma gidajen ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, waɗanda daga gare su ne sinadaran da ke tafiyar da jikin mace suke fitowa, hukuncinsu daban ne: in an bar su, jikin zai ci gaba da halinsa har ya kai lokacin da Allah ya ƙaddara masa, in kuwa an cire su, alamomin ɗaukewar haila, irin su zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da gumin dare da raunin ƙashi, sai su sauko mata ko da shekararta talatin. Likitoci sun shafe ƙarnoni suna neman yadda za su cire mahaifa ba tare da matar ta halaka ba, kuma da suka samu, sai ya bayyana cewa akwai sauran wani ilimi a gabansu wanda ya fi wancan wuya, wato sanin lokacin da ya wajaba a bar ta.

Daga cikin mafi daɗewar ambaton wannan aiki akwai na Soranus, mutumin Afisa, wanda ya yi likitanci a birnin Rum a farkon ƙarni na 2 na Miladiyya, ya kuma bayyana cewa idan mahaifa ta zazzago waje har ta yi baƙi ta ruɓe, to babu makawa sai a yanke ta. Wannan kuwa shi ne iyakar abin da magabata suka iya, domin ba su shiga cikin ciki neman mahaifa, sai dai su datse abin da ya riga ya fito da kansa. Ko Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, wanda kuma babi na ƙarshe daga babi 30 na littafinsa Attasrif ya zama abin karatun masu tiyata a Turai bayan an juya shi zuwa Latin a ƙarni na 12, duk da ya zana siffofin kayan aiki ya kuma yi ɗinki da zaren hanjin dabba, bai sami abin da zai rinjayi maƙiyan nan da suka tsare ƙofar ciki ba: azabar wuƙa ga mai ido biyu, da jinin da ba ya tsayuwa, da ruɓewar rauni bayan kwana biyu ko uku. A ƙarni na 17 wani likitan haihuwa na Ingila, Percival Willughby, ya rubuta labarin wata baƙauyiya wadda mahaifarta ta zazzago tana ɗauke da kaya mai nauyi, tsananin wahala ya sa ta ja ta ta yanke da wuƙa da hannunta, ta kuma rayu shekaru bayan haka tana fama da yoyon fitsari. Duk wanda ya yi tunani a kan irin ƙuncin da zai kai mace ga wannan, zai gane dalilin da ya sa mata suka yarda suka miƙa kansu ga gwaje-gwajen da suka biyo baya.

An buɗe ƙofar ciki a shekara ta 1809, lokacin da Ephraim McDowell, a garin Danville na jihar Kentucky a Amurka, ya fasa cikin wata mata ba tare da maganin sa barci ba, ya cire mata ƙarin gidan ƙwai mai nauyin kusan kilo 10, ta warke, ta ƙara fiye da shekara 30 a duniya. A 1813 Conrad Langenbeck ya cire mahaifa ta farji a ƙasar Jamus bisa niyya da shiri, matar ta tashi. Amma cire ta ta hanyar fasa ciki ya daɗe yana cin rayuka. Charles Clay ya jarraba a Manchester a 1843, matar ba ta rayu ba. Wanda ya fara dacewa shi ne Walter Burnham, a garin Lowell na Amurka, a 1853, kuma dacewar tasa ba da niyya ta zo ba, gama ya buɗe cikin ne yana zaton ƙarin gidan ƙwai zai tarar, sai matar ta yi yunƙurin amai, mahaifar da ƙari ya kumbura ta turo waje ta wurin yankan, ya rasa yadda zai mayar da ita, dole ta sa ya ɗaure jijiyoyinta ya cire. Ita ta rayu, amma galibin waɗanda ya yi wa aikin bayanta sun mutu, haka kuma lamarin ya kasance a hannun sauran likitocin wannan zamani, har manyansu suka riƙa hani ga yin sa.

Abin da ya juya al'amarin bai fito daga hannun likitocin mata kaɗai ba. An nuna amfanin maganin sa barci a bainar jama'a a Boston a 1846. Ignaz Semmelweis ya tilasta wa ɗalibai wanke hannu a ɗakin haihuwa na Vienna a 1847, mace-macen masu jego suka ragu ƙwarai. Joseph Lister kuma ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a rauni a 1867. Da likita ya sami sukunin yin aiki a natse, da hannu mai tsabta, sai ya fara ɗaure kowace jijiya ɗaya bayan ɗaya maimakon gaggawa. A 1876, a birnin Pavia na Italiya, Edoardo Porro ya ciro jariri ta ciki sannan ya cire mahaifar nan take, domin a lokacin mahaifar da aka yanka aka bari ba ɗinki ita ce ke kashe uwa da jini da ruɓa; uwar da jaririn duka suka rayu. Shekara 6 kacal bayan haka, a 1882, Max Sänger na Leipzig ya nuna cewa in aka ɗinke mahaifar da kyau babu bukatar cire ta, kuma a ganina nan ne farkon rabi na biyu na wannan tarihi. Ta fuskar sankara kuwa, Wilhelm Freund ya cire mahaifa dungurungum ta ciki a 1878, Ernst Wertheim kuma ya fara faffaɗan aikinsa na sankarar bakin mahaifa a Vienna a 1898, wanda har yau da sunansa ake kiransa. A 1929 Edward Richardson na Amurka ya tsara hanyar cire mahaifa har da bakinta, don kada sankara ta tsiro a guntun da aka bari, da kuma ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka wadata bayan yaƙin duniya na biyu, sai aikin da a da ake yi masa kallon bankwana da duniya ya koma aikin yau da kullum.

To, daga nan ne wata fitina ta taso, wadda ba ta kamata marubucin tarihi ya rufe ta ba. Tun a 1872 Robert Battey ya fara cire lafiyayyun gidajen ƙwai da da'awar maganin ciwon mara da rikicewar hankali, aka kuwa yi wa mata masu yawa haka a Turai da Amurka bisa zato marar hujja. Da cire mahaifa ya yi sauƙi, sai wasu likitoci suka ɗauke ta a matsayin gaɓar da ba ta da sauran amfani bayan haihuwa, har ya zama a farkon ƙarnin nan ana yin aikin kimanin sau 600,000 kowace shekara a Amurka, mafi yawa ba don sankara ba. Mafi muni shi ne abin da aka yi wa raunana. Fannie Lou Hamer, wadda daga baya ta shahara wajen fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ta shiga asibiti a jihar Mississippi a 1961 don a cire mata ƙari, aka cire mahaifarta ba da saninta ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. A 2019 labari ya bazu daga gundumar Beed ta ƙasar Indiya cewa ɗimbin mata masu saran rake, da yawansu da ƙuruciyarsu, an raba su da mahaifa, alhali talauci da tsoron rasa ladan kwanakin haila ne suka tura su. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da wuƙa mai tsabta, kuma yana daga cikin dalilan tsanantawar da ake yi yau kan cewa ba a taɓa mace sai da yardarta bayan an yi mata cikakken bayani.

Wanda ya fi cancantar yabo a rabi na biyu na wannan tarihi shi ne Victor Bonney na Landan, wanda ya rasu a 1953. An cire wa matarsa mahaifa saboda ƙari tun aurensu yana sabo, suka rayu ba ɗa ba jika, kuma wannan rashi ya sa ya duƙufa wajen kyautata aikin ciro ƙarin kaɗai a bar mahaifa, har ya ƙirƙiro wani matsi na ƙarfe da ke tsayar da jini yayin aikin, ya yi wa ɗaruruwan mata. Ƙarin yana iya dawowa bayan shekaru, amma matar ta tsira da damar haihuwa. Sauran hanyoyin sun zo ne a ƙarshen ƙarni na 20: ƙone shimfiɗar cikin mahaifa don rage jini ga wadda ta gama haihuwa, tun daga 1981; da ƙaramar na'urar Mirena mai sakin sinadari a cikin mahaifa, wadda aka fara amfani da ita a ƙasar Finland a 1990; da toshe jijiyoyin da ke shayar da ƙari har ya motse, wanda Jacques Ravina ya bayyana a Paris a 1995. Ga zazzagowar mahaifa kuma akwai zoben da ake tallafe ta da shi, dabarar da ta girmi tiyata kanta. Inda cirewar ta zama dole, tun da Harry Reich ya yi ta ta ƙananan huji da na'urar leƙen ciki a 1988, jinya ta gajarta ƙwarai ga wadda ta sami wannan hanya. Har dashen mahaifa an kai gare shi, gama an jarraba a Jidda a shekara ta 2000, aka cire ta bayan kwana 99, sannan aka sami haihuwar farko daga dasasshiyar mahaifa a ƙasar Suwidin a 2014, sai dai wannan har yanzu abu ne na 'yan tsiraru.

A ƙasashenmu lamarin yana da wata fuska. Ƙarin mahaifa ya fi yawa ga mata baƙaƙen fata, ya kuma fi saurin kama su, amma sau da yawa mace takan ɓoye ciwonta shekara da shekaru don tsoron kada a ce za a cire mata mahaifa ta wulaƙanta a gidan miji, har ƙarin ya girma ya cinye zaɓin da take da shi tun farko. Wasu kuma ba a ma tambayarsu, domin an kawo su ne a sume bayan doguwar naƙuda ta fasa mahaifa, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa, likita ba shi da abin yi face ya ceci rai. Binciken da Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya kan haihuwa 22,774, wanda aka wallafa a 1985, ya tabbatar da cewa mutuwa ta fi aukuwa nesa ba kusa ba ga matan da ba su je awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. An sami ci gaba ta wannan fuska, kuma da hannun 'yan Afirka a ciki. Christopher B-Lynch, haifaffen Saliyo, ya bayyana a 1997 wani ɗinki da ke matse mahaifa mai zubar da jini har ta tsaya ba tare da an cire ta ba. A 2023 kuma wani babban gwaji a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da haɗa magunguna nan take yana rage mummunan sakamako da kashi 60 cikin 100. A watan Oktoba na 2023 ɗin Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa.

Ta fuskar shari'a, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta kawar da ikon haihuwa baki ɗaya sai in larura ta tilasta, kuma wannan hukunci ya dace da inda ilimin likitanci ya tsaya bayan doguwar tafiyarsa. Inda sankara ta kama, ko mahaifa ta fashe fashewar da ba ta ɗinkuwa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an gwada komai, cirewa rahama ce, kuma mijin da ya jinkirta sa hannu yana ta shawara da dangi yana wasa ne da ran matarsa. Inda kuwa babu gaggawa, haƙƙin mace ne ta tambayi likita sunan ciwonta, da ko akwai wata hanya banda cirewa, da ko za a bar mata gidajen ƙwai da bakin mahaifa, ta kuma nemi ra'ayin likita na biyu in zuciyarta ba ta natsu ba. Ke kuma da kika ga jinin hailarki ya ƙaru fiye da al'ada, ko mararki na kumbura, ko jini ya zo miki bayan saduwa ko bayan haila ta ɗauke, ki je asibiti tun yanzu, gama galibin hanyoyin da aka ambata a sama ba su amfanar mace sai in ta zo da wuri.