Canjin Ƙwayar Halitta Mai Sa Tsiro Ya Jure Maganin Ciyawa

Wani lokaci ƙwayar halittar tsiro takan sami ɗan canji, maganin ciyawa ya daina kashe shi. Magunguna irin su imazapyr suna aiki ne ta hanyar toshe sinadarin ALS, wanda tsiro ke haɗa abincin ginin jikinsa da shi. Idan wuri ɗaya tak ya sauya a jikin sinadarin, maganin ba ya samun inda zai kama, kuma 'ya'yan tsiron sukan gaji wannan juriya. A jihar Washinton ta Amurka aka ba da rahoton ciyawa mai jure magani a 1970.

Ga manoman hatsi da dawa na Filinge da ƙasar Kurfai a Nijar, amfanin abin yana wajen yaƙi da ƙuduji, wato wuta-wuta, mai manne wa saiwa tana tsotse shuka tun kafin furenta ya bayyana. Akan shafa magani a jikin iri mai juriya. Shuka ta tsiro lafiya, ƙudujin da ya kama saiwarta ya mutu a ƙarƙashin ƙasa. An gwada wannan da dawa a Nijar da Mali tare da masanan cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, aka buga sakamakon a 2009.

Haɗarin shi ne ƙudujin ma yana iya samun irin wannan canji idan aka dogara da magani ɗaya kowace damina.