Zagi saboda shekaru a mashaya: hanyar kai ƙara a Agadas

A mashaya da gidajen abinci, akan ci mutuncin mutum saboda tsufansa, a kira shi tsohon banza, ko a raina matashi saboda ƙuruciyarsa. Aya ta 102 ta kundin hukunta laifuffuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961, ta hukunta wariyar launin fata da ta ƙabila, amma ba ta ambaci shekaru ba. Saboda haka, wanda aka zaga sai ya gina ƙararsa a kan zagin kansa, ko kan barazana in an yi masa.

Matsayin ma'aikacin mashaya ya fi ƙarfi. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana mai gidan aiki nuna bambanci saboda shekaru, kuma ana iya kai kuka ofishin sufeton ƙwadago.

Ana shigar da ƙara wurin 'yan sanda, ko jandarma, ko mai gabatar da ƙara na babbar kotun Agadas. A rubuta kalmomin da aka furta, da rana, da sunayen shaidu tun da wuri, domin shaidar mashaya saurin watsewa gare ta. Mai son sulhu yana iya farawa da mai unguwa.