Lautai da Hotunan Damagaram

Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin hotunan Damagaram, waɗanda Faransawa suka ɗauka tun shigarsu garin a 1899 har lokacin da suka mai da hedikwatar mulkinsu Yamai a 1926, ya ga barikin soja a tsakanin manyan duwatsu da fadar Sarki da lungunan Birni, ba mamaki ya zaci tarihin wannan yanki kaf a can ya tattara, mu kuwa mutanen ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo har Maigatari, ba mu da abin nunawa sai rairayi. An ce gani ya kori ji, amma hoto shaida ne a kan inda Bature ya zauna kawai.

Asalin gidan sarautar Lautai, wato sarautar Gumel, akwai saɓani a cikinsa. Littattafan Turawa sun ce Ɗanjuma daga Kano ya fito da jama'arsa Mangawa wajen 1750. Riwayar gida kuwa Barno take kai nasabar, kuma ita ce ta fi ƙarfin hujja a wurina, domin Barno aka yi wa mubaya'a, Barno ake kai gaisuwa, har zamanin jihadin Shehu Usmanu ya zo ya wuce ba a kafa tutar Sakkwato a wannan ƙasa ba. Daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, aka dawo da fadar nan Gumel. Bature Barth, da ake kira Abdulkarimu, ya ratsa garin a 1851, ya tarar da babbar kasuwar kanwa, alhali ba ya ɗauke da na'urar hoto, sai alƙalami. Yaƙe-yaƙen Haɗeja da hare-haren Damagaram ɗin nan da ake yaba hotunanta su suka rage jama'ar ƙasar kafin Sarki Ahmadu ya karɓi Ingilishi a 1903.

Abin takaici shi ne, ƙasarmu ba ta da dutsen gini, da tubali da jar ƙasa kakanninmu suka yi ganuwa da soraye, ginin ƙasa kuwa in ba a yi masa yaɓe ba damina kaɗan ta ishe shi. Yau ana rushe zauren kaka a aza bulo da kwano ba wanda ya ɗauki hotonsa, ga waya a aljihun kowa. 'Yan hotunan hawan salla da na naɗin hakimai da suka rage suna cikin adakokin tsofaffi, gara tana ci, matasa kuma ba su san sunayen mahayan da ke ciki ba.