Matasan Zango a Accra

Matasan Zango su ne 'ya'ya da jikokin baƙin da suka zauna a unguwannin Zango na Accra, babban birnin Ghana, irin su Nima, Maamobi da Sabon Zango. Kakanninsu Hausawa ne, Fulani, Zabarmawa, Yarbawa, Mossi da Kotokoli, waɗanda fatauci, aikin soja da ƙwadago suka kawo tun ƙarni na 19. Galibinsu Musulmi ne.

Hausa ce harshen da ya haɗa su, ko da iyayensu ba Hausawa ba ne. Hausarsu, wadda ake kira Gananci, ba ta cika bambanta jinsin namiji da mace ba, kuma ta ari kalmomi daga Twi, Ga da Turanci. Samari kan taru a majalisun da suke kira "bes", inda ake shan shayi ana hira.

Batun zama ɗan ƙasa ya daɗe yana bin su. A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta umarci baƙi marasa takardu su bar Ghana cikin mako biyu, umarnin da ya raba iyalai da yawa a Zango. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya unguwannin.

Unguwannin sun kuma fitar da fitattun matasa: ƙungiyar mawaƙan salon hiplife ta VIP daga Nima ta fito. A nan kuma aka haifi ɗan ƙwallo Mohammed Kudus a ranar 2 ga Agusta, 2000.