Anzar Damargu da tarihin kimiyyar sinadaran halitta

A ƙauyukan Tanut da Belbeji na yankin Damargu, idan rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna, mata kan fita daji tsinkar anza, wadda wasu ke kira dilo. Gajeriyar itaciya ce mai ganye kore shar ko a tsakiyar rani. Ƙwayarta kuwa ɗaci gare ta, ga guba, kuma wanda ya ci ta ɗanya zai ji a jikinsa. Sai an ɓare ta an jiƙa, kullum a zubar da ruwan a sake wani, kwana da kwanaki, uwargida tana taɓawa a harshe har ta ji ɗacin ya fita. Sannan a dafa kamar wake, ko a shanya a daka gari. Da ita gidaje da yawa suka ga bayan farin 1973 da na 1984.

Kimiyyar da ta bayyana sirrin wannan jiƙo ba ta cika shekara 200 ba. A da, masanan Turai sun ɗauka sinadaran jikin mai rai ba su haɗuwa sai a cikin mai rai. A 1828 Friedrich Wöhler na Jamus ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, a ɗakin gwaji. A 1833 Payen da Persoz na Faransa suka ciro wani abu daga tsiron sha'ir mai mayar da sitaci sukari. Duk mai dama kunun zaƙi da tsiro ta san aikinsa. Irin waɗannan su ne enzayim, masu hanzarta sauyin sinadarai a jiki. Eduard Buchner ya nuna a 1897 cewa suna aiki ko babu ƙwayar halitta mai rai, James Sumner na Amurka kuma ya tabbatar a 1926 cewa enzayim furotin ne.

Wanda aikinsa ya fi shafar Damargu shi ne Antoine Bussy, masanin haɗa magunguna a Faransa. Wajen 1840 ya gano cewa ƙwayar mastad tana ajiye abu biyu a rabe, wani sinadari da enzayim ɗinsa, kuma sai an farfasa ta cikin danshi suke haɗuwa su fitar da yaji. Haka anza take. Sinadarinta, glukokafarin, da zarar ya gamu da enzayim ɗin sai ya saki wani iska mai yaji da guba, makamin itaciyar na kare kanta. To, glukokafarin yana narkewa a ruwa, shi ya sa kowane sauyin ruwa ke tafiya da wani kaso nasa. Gubar ma tana da ranarta: manoma sun daɗe suna sa ganyen anza a rumbu, kuma a 1993 binciken Dogo Seck na Senegal da abokan aikinsa ya nuna iskan nan ne ke kashe ƙwarin wake.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda aka mayar da anza abin kunya. A 2005 kafofin labaran waje sun nuna ta a matsayin guba da yunwa ta tilasta wa mutane ci. Gidauniyar Eden, wadda ke da filin gwajin itatuwa a Dalli kusa da Tanut tun ƙarshen shekarun 1980, ta musanta haka, ta ce abinci ne na gado. Daga baya, a 2014, Josef Garvi ya kafa kamfanin Sahara Sahel Foods a Zinder, inda ake sayen anza daga hannun matan karkara ana sarrafa ta.

Ya kamata ɗaliban kimiyya na Jami'ar Zinder su je Tanut da Belbeji su zauna da tsofaffin matan nan, su auna kwana nawa jiƙo ke buƙata da irin abin gina jiki da ke bin ruwan, su kuma rubuta sakamakon da Hausa don masu aikin su amfana.